Ƙarfe Huɗu a Tashar Gabas

Ranar Litinin da hantsi aka liƙa takardar a allon sanarwa na bakin rumbun kaya, tsakanin jadawalin masu gadi da gargaɗin hana shan taba. Layi shida ce kacal. An sallami matuƙan jirgin sama uku daga aiki, Kyaftin da mataimakansa biyu, saboda sun shafe wata goma suna karɓar kuɗin masauki a tashar gabas da rasit na wani otal da ya yi shekara guda a rufe. Shugabar kamfanin ce ta gano da kanta. Ta je tashar ganin wani abokin ciniki, ta ce a kai ta ta ga inda matuƙanta ke kwana, sai direba ya tsaya da ita a ƙofar wani gini da aka cika da tayil da buhunan siminti.

Kafin rana ta take, masu lodi sun gama shari'a sun yanke hukunci.

"Ni dama na faɗa, wannan takalmin nasa ba na albashi ba ne."

"Kai da ba ka taɓa ganin albashinsa ba?"

"Ai na ga takalmin."

Aka fashe da dariya, sannan dariyar ta mutu lokaci guda, domin Mai-sawu ya fito daga kejinsa yana goge tabarau da gefen riga.

Aikin Mai-sawu a kamfanin shi ne neman abin da ya ɓata. Idan kwali ya tashi daga nan bai isa can ba, shi ne zai bi shi hannu bayan hannu, daga sikeli zuwa motar lodi, daga motar lodi zuwa cikin jirgi, har ya gano inda aka yi sake. Ofishinsa wani keji ne na waya a ƙarshen rumbu, inda ake tara kayan da ba a san mai su ba. Yana da baƙin littafi da yake rubuta ainihin lokacin da kowane kaya ya sauka, domin ya daɗe da daina yarda da abin da takardun kamfani ke cewa. Kuma Kyaftin yayansa ne, ciki ɗaya.

Ya karanta layi shidan sau biyu. Abin da ya fi ƙona masa rai ba dariyar masu lodi ba ce. Wata 'yar murya ce a cikin ƙirjinsa da ta ce: to, idan gaskiya ne fa?

*

Shugaba ba ta ce ya zauna ba.

"Na san abin da ya kawo ka, kuma amsar a'a ce."

"Ranki ya daɗe, ban zo roƙo ba. Rasit ɗin nake so in gani."

"Kai kwali kake nema idan ya ɓata. Wannan amana ce ta ɓata, kuma na san aljihun da ta shiga."

"An tambaye shi?"

"Sau uku!" Ta buga tafin hannu a kan tebur. "Na ce, Kyaftin, a ina kuke kwana? Ya tsaya yana kallon bango kamar ni ce na yi masa laifi. Mataimakan nasa kuma suna kallonsa. Mutumin da ba shi da abin ɓoyewa haka yake yi?"

Kafin Mai-sawu ya buɗe baki, ta ci gaba.

"Ranar Alhamis da sha biyun rana wasiƙa za ta tafi hukumar da ke ba matuƙa lasisi," in ji ta. "Wanda aka rubuta wa sata a fayil ɗin can, ko amalanke ba mai sake ba shi ya tura."

Ta jawo aljihun tebur, ta fito da ƙunshin takardu da aka ɗaure da roba, ta jefa masa.

"Arba'in da ɗaya ne, na kowace Talata. Na ba ka ne don ka taɓa nemo min injin da kowa ya rantse ya faɗa teku. Amma ka ji da kyau: idan ka dawo min hannu wofi, ka haɗo da katin aikinka. Ba na iya zama da ƙanin ɓarawo a cikin rumbuna."

*

Ya tarar da Kyaftin a falo, sanye da singileti, yana gugar fararen rigunan aikin da ba zai sake sawa ba. Ya jera huɗu a bayan kujera. A hannunsa na hagu akwai agogon nan da duk gidan ke yi wa tsiya, wanda kullum yake awa guda a bayan na bango, domin matuƙa a duk duniya agogo ɗaya suke bi, don kada lokacin wani gari ya ruɗe da na wani. Ko a ranar hutu Kyaftin ba ya gyara shi.

"Yaya, a ina kuke kwana?"

"Ita ta aiko ka?"

"Ni na aiko kaina."

"To koma ka gaya wa kanka ba ruwanka."

"Sa hannunka ne a kan takardun nan?"

"Nawa ne."

"Kuɗin fa?"

Kyaftin ya kafe dutsen guga a tsaye, ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Ka taɓa ganina da kuɗin da ba ka san asalinsa ba? Kai da ka cinye rabinsa a jami'a, ka fito kana ƙirga kwalaye?"

Maganar ta sauka daidai inda aka nufa da ita. Shekara huɗu Kyaftin yana ɗauke da karatunsa. Mai-sawu ma ya so ya tuƙa jirgi, likitan ido ya mayar da shi gida da takarda mai layi ɗaya, kuma tun daga ranar yake kallon yayansa daga ƙasa, ta cikin wayar keji.

"Gara mai ƙirga kwali da wanda ake dariyar takalminsa a bakin rumbu," in ji Mai-sawu.

"Ku ji min yaran nan!" Umma ce ta fito daga ɗaki tana dafa bango. "Babba da Auta, da gemu da komai, kuna yi kamar kaji. Ni dai abu ɗaya na sani. Duk Larabar da ya dawo, wuyansa ba ya juyawa sai na gasa masa da ruwan zafi. Wane irin otal ne wannan da ke mayar da mutum gunki? Matashin da na ɗinka wa riga mai shuɗin baki ma ya ɓace daga gidan nan, na yi cigiya har na gaji."

"Umma, koma ki kwanta," in ji Kyaftin da sauri.

Mai-sawu ya fita bai yi sallama ba.

*

Da safiyar Talata ya fara da Ma'aji, domin rabin kamfanin sun ce idan ba Kyaftin ba ne, to Ma'aji ne, ga shi kuwa ya fara zuwa aiki da sabuwar mota.

"Motar?" Ma'aji ya yi dariya har da tari. "Surukina ne ya saya wa 'yarsa. Ni direba ne kawai, kuma ba a biyana. Je ka tambaye ta, in ka fito da kunnuwanka biyu ka zo ka ba ni labari."

"Yaya kuɗin masauki ke fita?"

"Takardar hutu ta zo da sa hannun matuƙi, da rasit a maƙale, da hatimin Baba a ƙasa. Ƙarshen wata in sa a ambulan in aika ofishin matuƙa. Ni ban san gabas ba, ban san yamma ba. Ban taɓa shiga jirgin nan ba, kuma da ƙarar da yake yi, ba ni da niyya."

Baba shi ne babban matuƙi. Kowa haka yake kiransa, har Shugaba. Shekara biyu ke nan ciwon baya ya sauko da shi daga sama ya zaunar da shi a bayan tebur, inda yake tsara jadawalin wata da fensir da rula, ya liƙa a bango. Shi ya koya wa Kyaftin tuƙi. Da ya ga Mai-sawu sai ya miƙe da ƙyar, ya riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Ɗana, ban yi barci ba tun jiya. Ni na fara ɗora hannun yaron nan a kan sandar tuƙi. Da wani ne ya gaya min, da na mare shi."

"Ambulan ɗin wa ake ba, Baba?"

"Shi. Hannu da hannu, ƙarshen kowane wata, a nan inda kake tsaye." Ya share ido da bayan hannu. "Shawara zan ba ka ta uba. Ka bar shi da shirunsa. Akwai abin da in ka tono, kai za ka fara nadama."

Mai-sawu ya ɗaga kai don kada dattijon ya ga abin da ke fuskarsa. Idonsa ya sauka kan jadawalin bango, layi bayan layi, da rubutu mai kyau kamar na inji: Talata, tashar gabas, tashi sha biyu, sauka uku da minti goma.

*

Da ya koma keji, ya tarar masu share jirgi sun ajiye masa kaya a bakin ƙofa, an rubuta a jiki da alli: babu lamba, babu mai shi. Katifu biyu ne na soso, sirara, an naɗe su da igiyar ɗaure kaya. Ya kwance ta farko don ya duba ko akwai wata alama. Matashi ya faɗo daga ciki, da riga mai shuɗin baki.

Ya daɗe a tsugune yana kallon ɗinkin mahaifiyarsa.

Injiniya tana ƙarƙashin fukafukin jirgi da tocila a baki lokacin da ya ajiye matashin a kan akwatin kayan aikinta. Shekara ashirin tana gyaran jiragen kamfanin, kuma ba ta taɓa ɓata kalma a banza ba. Ta cire tocilar, ta goge hannu.

"A bayan kujerun tuƙi suke ɓoye su. Na sha gani, na kau da kai."

"A cikin jirgi suke kwana?"

"A ƙasa, tsakanin kwalaye, ga ƙarar janareta, ga warin mai."

"To don me ba zai faɗa ba? Wannan ai ya wanke shi!"

Ta dube shi kamar wanda ya tambayi abin da wuta ke yi.

"Kai da digirinka. Doka ta ce kafin matuƙi ya juyo da jirgi, sai ya yi awa goma yana hutawa a ɗaki, a kan gado. Takardar da suke sa wa hannu rantsuwa ce cewa sun yi hakan. Idan ya ce a jirgi ya kwana, ya amsa da bakinsa cewa ya tuƙa sau arba'in a gajiye, ya kuma yi wa hukuma ƙarya sau arba'in. Shi da yaran nan biyu. In ya yi shiru ɓarawo ne, in ya yi magana maƙaryaci ne. Wanda ya ɗana wannan tarkon ya san aikin."

"Wa ya ce su kwana a jirgi?"

"Ban ji da kunnena ba," in ji Injiniya, ta mayar da tocila baki. Ta cikin haƙora ta ƙara da cewa, "Abin da ban ji ba kuwa ba na ɗora wa mutum."

*

Ranar Laraba ya rufe keji, ya shimfiɗa rasit arba'in da ɗaya a ƙasa kamar mai shanya. Ya duba tambari, ya duba takarda, ya duba sa hannu, duk babu abin kamawa. Sai da ya daina karantawa ya tsaya kallo kawai, sannan ya lura da abin da ke maimaita kansa a kusurwar kowace takarda. Lokacin shiga ɗaki: ƙarfe huɗu na yamma. Duka arba'in da ɗayan.

Ya kira Wakili, mutumin kamfani a tashar gabas, wanda suke waya kowane mako kan kayan da suka ɓata.

"Ƙarfe huɗu?" Wakili ya kece da dariya. "A ƙarfe huɗunmu, jirginku ko tayarsa ba ta bar ƙasa ba. A takarda shida da minti goma yake sauka, a zahiri kuwa takwas, tara, yadda masu lodinku suka ga dama."

"Awa nawa kuke gaban agogon matuƙa?"

"Uku. Tun da aka halicce mu."

Mai-sawu ya ajiye waya a hankali. Uku da minti goma a agogon matuƙa shi ne shida da minti goma a can. Wanda ya buga rasit ɗin ya ɗauki uku da minti goma, ya ƙara minti hamsin na mota, ya sami huɗu. Ya manta cewa otal ba ya bin agogon sama, agogon garinsu yake bi. Ma'aji ba zai yi wannan kuskure ba, domin bai san ma akwai agogo biyu ba. Wakili ba zai yi ba, domin a garin yake zaune. Kuskuren mutum ne da ya yi shekaru yana tunani da agogon matuƙa har ya zama masa jiki.

Sai hoton hannun hagun yayansa ya faɗo masa, da agogon nan mai awa guda a baya. Ya yi kwana uku yana bin sawu, sawun kuma ya zagayo da shi ƙofar gidansu.

Don kada ya jefa wani abu da bango, ya jawo baƙin littafinsa ya fara bin Talata bayan Talata. Takwas saura kwata. Tara da minti biyar. Bakwai da rabi. Ko sau ɗaya jirgin bai sauka a kan lokaci ba. Kyaftin kuwa mutum ne da ya taɓa yin rigima da hasumiyar kula da jirage a kan minti biyu. Da shi ne zai yi ƙarya, da ƙaryarsa ta zo da minti daidai.

A Talata ta ashirin da bakwai yatsansa ya tsaya. Babu lokacin sauka. A gurbinsa ya rubuta: ya juyo, mai ya zube, 'yan tsaki dubu shida. Ya tuna ranar sarai, domin shi ya wuni yana yi wa kwalayen fifita, mai kajin kuma yana zagin kakanninsa. Jirgin bai kai tashar gabas ba. Kyaftin a gadonsa ya kwana.

Ya ƙirga rasit a ƙasa har zuwa na ashirin da bakwai. Yana nan. Ƙarfe huɗu na yamma.

*

Alhamis, sha ɗaya saura. A barandar ofis Kyaftin ya damƙi hannunsa har sai da ya ji zafi.

"An ce katifun suna wurinka. Idan ka buɗe baki, ka yanke min fukafuki, ni da yaran nan biyu. Ɗayansu matarsa wata takwas gare ta."

"Kai ka zaɓi a kira ka ɓarawo, Yaya. Umma ba ta zaɓa ba. Ni ma ban zaɓa ba." Ya fizge hannunsa. "Ba zan ambaci katifa ba. Taka ce."

A ɗakin taro Shugaba ta zauna a bakin tebur da wasiƙar a gabanta, an riga an sa mata hannu. Ma'aji na kusa da ƙofa, Injiniya a tsaye, Baba a kujera mai laushi da aka kawo masa saboda bayansa. Mataimakan biyu sun zauna a bayan Kyaftin, kansu a ƙasa. An ajiye waya a tsakiyar tebur, Wakili yana kan layi.

"Tambaya ɗaya ce, kowa zai amsa," in ji Mai-sawu. "Ƙarfe nawa jirgin Talata ke sauka a tashar gabas?"

"Ni sai na ji tagogi na rawa nake sanin ya tashi," in ji Ma'aji.

"Bayan na gama fushi na huce," in ji Wakili daga cikin waya. "Takwas ko tara."

"Wace Talatar?" in ji Kyaftin, bai ɗago ba. "Kowace da nata."

Baba ya yi murmushin malami. "Uku da minti goma, ɗana. Ni nake tsarawa."

"Daga fili zuwa otal fa?"

"Minti hamsin, in babu cunkoso."

"Huɗu ke nan." Mai-sawu ya kwance roba, ya baza takardun a gaban Shugaba. "Ranki ya daɗe, dubi kusurwar kowace. Otal ɗin nan yana ba yayana mabuɗin ɗaki a lokacin da masu lodi ke ɗaure kaya a nan gida. Ba otal ne ya rubuta wannan lokacin ba. Daga jadawalin bango aka kwafe shi, da agogon matuƙa."

Murmushin Baba bai gushe ba. "Kowane matuƙi da wannan agogon yake aiki. Ga shi can a hannun Kyaftin."

"Gaskiya ne. Shi ya sa jiya na kusa tsine masa." Ya zaro rasit na ashirin da bakwai, ya ɗora baƙin littafin a gefensa a buɗe. "Injiniya, ranar 'yan tsaki jirgi ya isa?"

"Minti arba'in ya yi a sama ya juyo. Ni na canja bututun man."

"Wanda ke cikin jirgin ba zai nemi kuɗin ɗaki a garin da bai je ba, ranar da kamfani duka ya ga dawowarsa. Sai wanda ba ya nan, ya dawo ya tarar da jadawali a bango, ya cike watan kamar yadda ya saba. Ma'aji, wa ke kwance a asibiti a wancan makon?"

Ma'aji ya juya ya dubi Baba a kan kujerarsa mai laushi.

Baba ya gyara zama. Muryar da ta fito daga bakinsa ba ta uba ba ce.

"Yaro, ka iya lissafi. To tunda ana tone-tone, a gama. Sa hannun wa ke kan takardun hutu? In ba a otal suke kwana ba, a ina suke kwana? Kyaftin, gaya wa Shugaba mana. Muna jinka."

Agogon bango ya nuna sha ɗaya da rabi. Mai-sawu ya hana kansa kallon yayansa.

Kyaftin ya miƙe.

"A ƙasan jirgi, a kan soso, kamar kayan da ba a biya musu kuɗi ba." Ya juya ya fuskanci Baba. "Kai ka kira mu ka rufe ƙofa. Ka ce kamfani ya kusa durƙushewa, ba kuɗin otal, in hukuma ta ji za a rufe hanyar gabas, mutum sittin su rasa abinci. Ka ce mu sa hannu a farar takarda tun farkon wata, kai za ka cike. Na ce to, Baba, domin kai ne. Wata goma ina tashi da wuya a sandare ina cewa taimako nake yi! Ranar Litinin ka rungume ni kana kuka, da kuɗin gadona a aljihunka!"

"Shekara talatin na ba kamfanin nan ƙashin bayana," in ji Baba, yana huci. "Ranar da na daina tashi aka raba albashina biyu. Wa ya yi min kuka?"

"Sai ka sata a wurinta," in ji Kyaftin, ya nuna Shugaba. "Ba a wurin barcinmu ba."

Shugaba ta kira masu gadi. Bayan an fita da dattijon, ta ɗauki wasiƙar ta yaga gida huɗu. Ta yi lissafin da kowa ya ga tana yi.

"Ku dawo aiki ranar Litinin. Laifin satar an san mai shi. Katifun kuma a ƙona su, ba wanda ya gan su. Hukuma ba ta da buƙatar jin wannan."

Mataimakan biyu suka ɗago kai a karo na farko. Mai-sawu ya ji numfashinsa ya dawo. Ya yi nasara, kuma bai karya alkawari ba.

"A'a," in ji Kyaftin.

"Yaya!"

"Rufe min baki, Auta, kai ka fara." Ya dafa tebur. "Wata Laraba, muna tsakiyar hanya, na farka na ga mataimakina yana barci. Na farka, ranki ya daɗe. Ban san minti nawa jirgin ya yi yana tafiya babu kowa a cikinsa ba, da gari a ƙarƙashinmu. Ban gaya wa kowa ba. In aka ƙona katifun nan, wani zai sayi sababbi. A rubuta yadda aka yi, a ce umarnina yaran nan suka bi, ni zan sa hannu. A karon nan zan karanta kafin in sa."

*

Wasiƙar da ta tafi da sha biyu ba ita ce aka shirya ba. Babu kalmar sata a cikinta kusa da sunan Kyaftin, amma Injiniya ta ce ko an yi masa sassauci, wata shida zai yi a ƙasa, kuma bayan nan sai abin da hukuma ta gani.

Mai-sawu ya cire takardar layi shida daga allon sanarwa a gaban masu lodi, ba wanda ya yi tari. Sannan ya ɗauki matashin mai shuɗin baki ya fita wurin ajiye motoci. Kyaftin na jingine da motarsa, yana kallon jirgin da ake yi wa lodi, wanda wani zai tuƙa.

"Kada ka jira godiya," in ji Kyaftin.

"Ban jira ba. Na ba ka hanyar fita, ka ƙi bi."

"Ka ba ni hanyar komawa kan soso."

Mai-sawu ya jefa matashin ta tagar mota. Har yanzu ransa na tafasa, kuma ya kasa tantance ko da Baba yake fushi, ko da Shugaba, ko da wannan mutum mai taurin kai, ko da kansa da ya yi awa guda jiya yana gaskata masu lodi.

"Umma za ta ce a ina aka samo shi," in ji shi.

"Ka ce aikinka ne." Kyaftin ya kwance agogon daga hannunsa. Fatar wurin ta yi fari, ta daɗe ba ta ga rana ba. Ya juya shi sau biyu, ya miƙa wa ƙaninsa ba tare da ya dube shi ba. "Gyara min wannan. Ƙarfe nawa ne a wurin mutane?"